Ampul ɗin da Ya Iso Bayan Kawu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga Allah muke, Kawu ya riga mu komawa. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ban san dama da hagu ba. Yana alwalar la'asar a bakin famfo ya zame ya zauna, kafin a samo taksi rai ya yi halinsa.

Zongo ta cika. An toshe layinmu da benci, tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin kwata. Kawu bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata duk suna gidan aure, don haka ni aka zaunar kusa da Kawu Babba, wansu, ina miƙa hannu ina cewa amin. Duk abin da aka faɗa a kansa ya shiga kunnena.

Liman ya yi magana mai kyau. Ya ce ba a rasa shi a sahun asuba, ya ce ba shi da abokin faɗa. Da ya zo kan sana'a sai ya yi ɗan tari, ya ce, "Ya ci guminsa," ya wuce.

Wani tsoho daga Ouidi, wanda suka yi zaman unguwar Zangouettin tare da Kawu kafin rusau, ya karkato ya ce wa na kusa da shi, "Ashe mai duwatsun nan ne? Allah sarki. Shekara da shekaru bawan Allah yana kunna wa dutse fitila."

"Ba dutse ba ne, kifi ne."

"To kifin ma an ce ba a ci."

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan suka tuna inda suke, suka ce Allah ya jiƙansa. Kawu Babba ya ja carbi da ƙarfi kamar zai tsinke shi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Duk wurin nan ni kaɗai na taɓa ganin abin da idona, kuma na kasa buɗe baki. Ban san ta inda zan fara ba. Shi ya sa nake rubuta wannan. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ga aikin Kawu. A Ouaga 2000, unguwar masu kuɗi, akwai wani Patron mai sayar da karo na daɓen gida. A falonsa akwai akwariyom, akwatin gilashi wanda tsawonsa ya fi gado. Ruwan ciki na gishiri ne irin na teku, a ƙasar da ba ta da teku. Gishirin ma a buhu yake zuwa, a dama shi kamar kunu. A ciki akwai kifaye 'yan ƙanana, amma ba su ne maganar ba. Maganar murjani ce. Mu murjanin da muka sani shi ne na wuyan kakanninmu, ja, a zare. Kawu ya ce wannan danginsa ne tun yana da rai. Ba dutse ba ne, halitta ce, kuma haske take ci. In haske ya yi kaɗan ta rame, in ya yi yawa ta ƙone.

Hasken daga fitilu biyu yake zuwa, rataye da sarƙa a saman ruwan. Masu sayarwa HQI suke ce musu. Zafinsu kamar murhu, dole klim, na'urar sanyaya ɗaki, ya kwana yana aiki. Amma in sun kama, hasken yana ratsa ruwan ya riƙa rawa a kan yashi, har a bangon falon. Ba zan iya kwatanta shi ba. Sai ka gani.

Da can Kawu shagon gyaran wuta gare shi a Zangouettin. Buldoza ta bi ta kan shagon kamar yadda ta bi ta kan na kowa. Wata rana aka kira shi gyaran soket a gidan Patron, ya tarar nasaran da ya haɗa akwatin ya koma ƙasarsu, ruwan ya yi kore, ba wanda ya san kansa. Ya ce bari ya duba. Dubawar da bai gama ba kenan har ya koma ga Allah.

Akwai guda ɗaya a cikin murjanin da ya fi ji da shi. Ya karɓe shi yana guntu kamar ɗan yatsa, ya liƙa shi a kan dutse, ya raine shi har ya yi rassa ya fi faifai faɗi, jikinsa ruwan ƙasa, bakin rassan shuɗi. Auta yake ce masa. In ya dawo gida Inna, matarsa, tana zuba masa tuwo takan ce, "Ya Auta?" ya ce, "Ya gaishe ki." Ita ba ta taɓa ganinsa ba.

A wurin zaɓen ampul, wato ƙwan fitilar, ake gane Kawu jikan masu tufafi ne. Kakanninmu ba sa sayen zane a cikin rumfa, sai sun fito da shi rana. Haka yake yi da haske. Ampul ɗin yana da lambar launi. Mai dubu goma fari ne fat kamar rana tsaka, murjani yana girma da shi amma ba ya kyau a ido. Mai dubu ashirin shuɗi ne, kamar an tsoma falon a marina. Shi Patron yake so, don baƙi su shigo su riƙe baki. Kawu ya kafe a kan mai dubu goma sha huɗu, na tsakiya. A gabana suka yi ta.

"Baba, shuɗin ya fi kyau mana. Gidana ne ko naka?"

"Gidanka ne, Patron. Amma kai baƙinka kake ciyarwa, ni waɗannan nake ciyarwa."

Patron ya yi tsaki ya ce, "Bon, yi yadda ka ga dama," ya hau sama.

Kuma ba kowane ampul ake cusa wa ba. Akwai akwatin ƙarfe mai nauyi a ƙasa, balas, shi ke ba fitila wuta, dole ƙarfin ampul ya yi daidai da nasa. Ba ya taɓa gilashin da yatsa, yana da farin hankici na wannan aikin kaɗai, ko gumi bai yarda ya share da shi ba. Duk shekara kafin azumi yake canza su, ko da suna ci garau. Na taɓa ce masa wannan ai ɓarna ce, abu yana ci za ka cire. Ya ce, "Yana ci, amma ƙarya yake yi. Idonka yake ruɗa, su ba ya ruɗa su."

Ni dai an san ni. Na bar lakwal, na yi sayar da esans, wato fetur, a kwalba, na yi gyaran moto mai ƙafa biyu wata uku, na yi wankin portabul, wayar hannu, ba inda gindina ya zauna. Da na gudu wurin haƙar zinariya na dawo ba ko takalmi, duk gida an shirya mini faɗa. Ban da Kawu. Washegari ya ce, "Hau," na hau bayan motonsa, muka tafi Ouaga 2000. Muna shiga aka ɗauke kuran. Gardi, wani dattijo ɗan Mosi, ya tada grup, injin wuta na gidan, wuta ta dawo, komai ya kama ban da fitilun nan biyu. Na je ina ta danna makunni, kyat, kyat, kyat.

"Bar shi. In ta mutu da zafi ba ta tashi sai ta huce."

"Har yaushe?"

"Zauna ka gani."

Na zauna a kan karo mai sanyi. Can sai ga wani ɗan ja-ja a cikin gilashin, ya koma kore, ya koma fari, a hankali, har ruwan ya cika da haske. Kawu ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Ya ce, "Ka ci abinci a can kuwa?" Iyakar tambayar da ya yi mini kan zinariya kenan, har ya mutu.

Faɗansa ɗaya na sani, da Kawu Babba, ranar wani suna. Kawu ya tashi tun ba a raba nama ba, wai lokacin kunna fitila ya yi. Kawu Babba ya ce a gaban mutane, "Ubanmu ya kai goro har gabas da jakai, kai ka ƙare a bawan kifi." Kawu yana ɗaura hular kwano ya ce, "Yaya, kifin dai bai taɓa zagina a taro ba." Suka yi wata biyu gaisuwa sai daga nesa. Ni a lokacin, in faɗi gaskiya, bayan Kawu Babba nake. In abokaina suka tambayi aikin kawuna, elektrisiye, mai gyaran wuta, nake cewa, in canza magana.

Ranar addu'ar bakwai wani direban babbar mota daga Kumasi ya shigo da kwali. Mata suka karɓa suka haɗa da kayan gaisuwa, sukari da gero da sabulu. Wata gwaggo ta buɗe ta ce, "Wa ya kawo mana kofin shayi ba gindi?" Ampul ne guda biyu. Kawu ya yi saƙonsu tun da ransa, ta hannun wani ɗan'uwa a zongon can, don azumi ya matso. Direban ma bai san ya rasu ba sai da ya ga tabarmi.

A ranar kuma gardi ya kira ni. Ya ce Patron ya yi tafiya, shi yana zuba wa kifi abinci yana kunna fitila yana kashewa, amma gilashi ya fara kore, wa zai zo?

Na kalli tsakar gidanmu. An share, an wanke, an yi wa bango farar ƙasa saboda baƙi, ko'ina fes. Na ce a raina, an gyara wa Kawu gida, saura wurin aikinsa. Bari in yi masa abin da ban yi masa ba yana raye. Na ɗau kwalin da farin hankicinsa na tafi.

Na yi aikin da zuciya ɗaya, wallahi. Na kashe wuta na jira suka huce. Na duba lambar balas, ta yi daidai. Ban taɓa gilashi da yatsa ba. Na canza duka biyun. Akwai wani faifan gilashi a ƙarƙashin kowace fitila, gishiri ya bushe a kai ya yi fari, na goge shi tas. Na ga fitilun sun yi sama da yawa, na sauko da sarƙar kusa da ruwa don Auta ya ƙoshi. Da suka kama, falon ya haska kamar filin ƙwallo. Gardi ya tafa ya ce, "Kai, ka fi tsohon ma!" Na ji daɗi. Na hau moto ina jin na sauke nauyi.

Abin da ban sani ba shi ne, duk canjin da na raka Kawu, da ya ɗaura ampul nake cewa ina zuwa, in tafi wurin shayi. Farkon aikin na sani. Ban taɓa tsayawa na ga ƙarshensa ba.

Ba a yi sati ba gardi ya sake kira. Ya ce, "Zo. Autan tsohon ya yi furfura."

Rassan sama duk sun koma fari kamar alli. Shuɗin nan babu. Farin yana gangarowa ƙasa. Na tsaya gaban gilashi. In kashe fitila, yunwa. In bar ta, ƙuna. Wanda zan tambaya yana maƙabarta. Na kashe ɗaya na bar ɗaya, ba don na san dalili ba, na koma gida.

Inna tana takaba, tana zaune a ƙuryar ɗaki, ba ta fita, ba ta ɗaga murya. Na durƙusa bakin ƙofa na faɗa mata komai. Ban iya kallonta ba.

Ta ce, "Ka sa masa gidan sauro?"

"Wane gidan sauro, Inna?"

Sai na ji wani abu kamar dariya, kamar kuka. Ta ce shekarun baya ta dawo daga biki ta tarar da sabon gidan sauronta an yanka shi gida huɗu. Kawu ne. Wai sabon ampul ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba, in ya sauka wa murjani gaba ɗaya ƙone shi yake, sai an tare hasken an riƙa sakar masa kaɗan-kaɗan. Ta ce kwana biyu ba ta ɗora masa tukunya ba. Daga nan suka yi sulhu, ba zai ƙara taɓa nata ba, kuma ba yanka. Nasa yake kwancewa, ya ninka shi, ya shimfiɗa a bakin akwatin. Duk Juma'a in an sauko masallaci ya je ya buɗe ninki ɗaya. Fitila ɗaya yake canzawa, sai ta zauna ya taɓa ɗayar. Sarƙa kuma sama yake ja, ba ƙasa ba.

"Duk azumin duniya da sauro kawunka yake yin sa. Kai ba ka taɓa lura ba?"

Ban taɓa ba. Ɗakina yana jikin nasa.

Kawu Babba ya kulle ɗakin mamaci tun ranar uku, ya ce ko allura kar a taɓa sai an raba gado. Inna ta kwance bakin zaninta ta turo mini ɗayan makullin da ƙafa. Na shiga. Ɗakin yana ƙanshinsa, rigarsa ta aiki tana rataye a ƙusa. Na kwance gidan sauron na cusa a leda na fito da sauri. Ashe jelarsa tana reto a waje.

Dattawa suna ƙofar gida, sun idar da la'asar. Kawu Babba ya ce, "Kai. Zo nan."

Na je na durƙusa.

"Me ke cikin ledar?"

"Gidan sauro ne, Kawu."

"Na wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ka fara kwasa? Shi ya ciyar da kai, shi ya rufa maka asiri da ka dawo tsirara daga rami. Ina za ka kai, kasuwa?"

Duk layi ya tsaya. Mai shagon gefe ya fito, matan da ke ɗibar ruwa suka sauke bokiti. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba abin da zan faɗa sai gaskiya, kuma gaskiyar ta fi sata ban dariya.

Na ce, "Zan rufe murjaninsa ne. Haske ya yi masa yawa."

Wani ya ce, "Me ya ce?"

"Wai dutsen zai rufe, kar sauro ya cije shi."

Aka fashe da dariya, wannan karon ba ƙasa-ƙasa ba. Kawu Babba bai yi ba. Ya karɓi ledar, ya zazzage gidan sauron a gaban kowa, ya kakkaɓe shi sama da ƙasa ko na naɗe wani abu a ciki. Ba abin da ya faɗo. Ya riƙe shi ya ɗan jima yana kallo. Akwai facin da Kawu ya yi da baƙin zare, ɗinkin namiji, karkatacce. Ya shafa wurin da babban yatsa. Sannan ya jefo mini.

"Je ka rufe dutsen. In ka gama ka dawo da shi, na magada ne."

Na tattara shi daga ƙasa, na bi ta tsakiyar mutane na hau moto. Sai da na taka sau uku ya tashi.

Ni da gardi muka ninka shi huɗu, muka shimfiɗa a bakin akwatin, muka danne gefe da karo. Na ja sarƙa sama. Falon ya yi duhu-duhu kamar hadari ya taso. Gardi ya dafa kafaɗata ya ce, "Yel ka ye," wato ba komai a yarensu. Ni na san da komai.

Tun daga ranar kullum ina can. Ina zama a kan karo in jira fitila ta kama, in kalli inda farin ya tsaya, ko ya ƙara gangarowa. Ya ƙara kaɗan. Sannan ya tsaya. Rassan sama sun tafi, gansakuka ta fara hawansu. Na ƙasa, waɗanda 'yan'uwansu suka yi wa inuwa, suna nan da ruwan ƙasarsu. Juma'a in an sauko masallaci in buɗe ninki ɗaya, hannuna yana ƙaiƙayi in yaye duka in huta, in bari.

Patron ya dawo cikin azumi. Ya tsaya ya kalli gidan sauro a falonsa, ya kalli Auta. Na faɗa masa ni ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce an nuna masa wasu sababbin fitilu a tafiyarsa, LED, ba zafi, da portabul ake rage su, amma ko su sai da mai tsayawa a kai.

"Tsohon ya tafi. In ba mai riƙewa, bayan Sallah zan kira a kwashe, in sa talabijin a wurin. Kai za ka riƙe?"

Na ce zan yi tunani. Ya dube ni irin kallon da duk wanda ya taɓa ba ni aiki yake yi mini, ya hau sama. Kuma da gaskiyarsa. A aljihuna akwai saƙon wani aboki, an buɗe sabon ramin zinariya, mota za ta tashi.

Na sa pinsa na karya mataccen reshen don kar ruɓar ta bi sauran. Na wanke shi, na naɗe a farin hankici. Ranar Juma'a da aka sauko masallaci, maimakon in wuce Ouaga 2000 sai na biyo gida. Na durƙusa bakin ƙofar Inna na tura mata.

Ta buɗe. Ta juya shi a tafin hannu, ta kai shi kusa da ido, ta shafa 'yan ramukan jikinsa. Ba nauyi, fari fat.

"Shi ne Autan?"

"Wannan wanda ya ƙone ne, Inna. Mai ran yana can."

"Saura ninki nawa?"

"Ɗaya."

Ta naɗe shi a hankicin ta tura ƙarƙashin matashinta. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun rasuwar.

"To me kake yi a nan?"

Na tashi na ɗau makullin moto.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa ya huta. Wanda ya karanta wannan, ko yana cikin masu dariyar ranar, ya yi masa Ƙulhuwallahu.